Zanen da Yashi Ya Rufe

Har zuwa ranin bana, in ka gangara daga garin Wurno za ka fadama, kafin ka kai gonakin albasa sai ka hau wata tsohuwar gada a kan wani reshe na gulbin Rima. Gadar Fito ake ce mata. Siririya ce, mota ɗaya take ɗauka, in tifa biyu suka yi kiciɓis sai direbobi sun gama zage juna tas kafin ɗaya ya ja da baya. Ƙafafu biyar gare ta. Ta uku, wadda ke tsakiyar ruwa, ta Maccido ce. Ba wanda ya ba shi takarda, amma tambayi kowa a unguwar masunta ka ji.

Maccido ɗan Sale mai fito ne. Kafin a yi gadar, Sale ke ƙetarar da mutane da jakunansu a jirgi, kuma shi ke faɗa wa manoma halin ruwa. Akwai wata tsamiya a bakin gulbi da yake sara da gatari kowace damina, daidai inda ruwa ya tsaya. Da masu aikin gada suka zo, abin da suka fara yi shi ne sare tsamiyar, wai tana kan hanya. Abu na biyu, suka ɗebi samari aikin lebura. Maccido, yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya shiga layi. Wata goma sha huɗu yana ɗaukar kankare a kwanon sarki har tsakar kansa ta yi kanta. Sale kuwa ya daina cin tuwo da shi. Ya ce ba ya haɗa hannu da mai gina wa sana'ar ubansa kabari.

Ranar da aka buɗe gada, Sale ya ja jirginsa tudu ya kifar. Amma da damina ta yi nisa, ruwa ya fara hauhawa, sai ga manoma a ƙofar gidansa cirko-cirko, ba tsamiyar da za a duba. Tsohon ya shiga ɗaki, ya fito da wani guntun ƙarfe da maƙeri ya yi wa baki, ya jefa gaban ɗansa.

"Tunda kun sare min icce, tahi ka rubuta ga dutsenku."

To, daga nan aka fara. Kowace shekara, in ruwa ya cika ya kwana uku bai ƙaru ba, Maccido zai tura kwale-kwale zuwa ƙafa ta uku, ya ɗaure, ya ɗauki ƙarfe da guduma ya zana layi mai tsawon taƙi ɗaya. Kowane zane da sunansa. Akwai na shekarar da fara ta cinye gero, akwai na shekarar da motar tafarnuwa ta faɗa, akwai wanda ake ce wa zanen Turai, don a daminar aka kawo masa matarsa daga Gandi. Manoma duk sun haddace su. In ruwa ya taɓa na shekarar fara, a kwashe injinan ban ruwa. In ya taɓa na Turai, mai shinkafa a kwari ya yanke abinsa ko bai gama nuna ba. Maccido bai taɓa zama wani babba ba. Masunci ne mai kwale-kwale ɗaya, mai gardamar tsiya, wanda in ka ce masa ruwa ya ƙaru sai ya ce wa ya aike ka. Amma shekara hamsin da shida hatsin mutane da yawa ya kai rumbu saboda shi.

A duk zanukan nan, guda ɗaya ne ba hannunsa ya yi ba.

Ɗansu na fari Iliyasu ne. Ka san halin mutanenmu da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a yabonsa. Da aka yaye shi uwar Maccido ta ɗauke abinta, shi ke nan ya zama ɗan Kaka. Haka Maccido ke ce masa, haka Turai ke ce masa. In yaron ya shigo ta wannan ƙofa, ita ta fita ta waccan, tana satar kallonsa ta gefen mayafi. Wallahi son da suke masa ya fi na sauran, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Bahago ne, ga surutu, ga dariya da baki buɗe. A ruwa kuwa ko uban nasa ba ya kamo shi.

Shekarar da ya cika ashirin, kurkunu ya fito wa Maccido a ƙafar dama, ya kwantar da shi damina guda. Ruwan shekarar ma bai taka kara ya karya ba, ko rabin na shekarar da ta gabace ta bai kai ba. Da ya kwana uku a tsaye, Maccido ya tura ƙarfe da guduma bakin ƙofa, ya ce wa iska, "A ce ma ɗan Kaka shi tahi ga gada." Yaron yana tsaye a wurin, yana ji. Ya ɗauka ya tafi. Da Maccido ya warke ya je ya duba, sai ya tarar da zane can ƙasa da kowanne, a karkace, ya tashi daga dama ya gangara hagu, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe inda ƙarfen ya zame. Amma a lokacin ba mai zanen da za a yi wa faɗa.

Kwana tara bayan ya yi zanen, Iliyasu ya jefa birgi a ƙarƙashin gada, ragar ta sarƙe a wani rodi da ya leƙo daga tushen ginin. Ya nutsa ya kwance ta, ta kama masa ƙafa. Ruwan da kaɗan ya fi tsayin mutum. Ruwa kan ci gwani, in ji mutane, amma wannan ruwan ko akuya sai ta yi da gaske zai ci ta. Kafin la'asar an fito da shi, kafin magariba an kai shi maƙabartar bakin gulbi. Maccido ya zauna zaman makoki da ƙafa a miƙe, ido a bushe, duk wanda ya zo ya ce masa, "Allah ya karɓi abinai." Aka yi ta yaba masa haƙuri. Allah sarki, haƙuri! Mutumin da ya yi wata biyu in ya kai loma baki sai ta ƙi wucewa.

Bayan shekara goma sha biyar aka yi babbar ambaliya. Ruwa ya hau har ya lashi cikin gadar, Maccido sai da ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauko daga sama kafin ya yi zanen shekarar. Ruwan ya ci gidaje, ya ci rumbuna, ya kuma kwashe maƙabartar bakin gulbi ƙaf. Da ya janye, wurin ya zama fili fetal, ko tudu ɗaya babu. Daga nan maganar ta fara cakuɗewa a bakin mutane. Aka riƙa cewa ruwa ya tafi da ɗan Maccido shekarar babbar ambaliya. Gaskiya ne, kabarinsa ya tafi. Amma yara da baƙi suka ɗauka a nan ya rasu. Maccido ya ji, bai gyara ba. Ina zai fara? Ya tsaya tsakar kasuwa yana ba da labarin ɗan fari?

Abin da ya rage masa a duniya na yaron shi ne wannan karkataccen layi. Ambaliyar kuma ta tara yashi a gindin ƙafar gadar, ta binne zanuka uku na ƙasa. Don haka kowane rani, in gulbi ya ƙafe, za ka ga Maccido da fartanya yana tono a wurin. Masu wucewa su ce, "Baba, tana aka nema?" Ya ce, "Uwaka nika nema." Su yi dariya su wuce. In ya kai ga zanen sai ya share shi da bakin riga, ya bi shi da yatsa daga dama zuwa hagu, ya ɗan zauna, ya tashi. Damina ta zo ta mayar da yashinta. Turai kaɗai ta san abin da ke kai shi, kuma ba ta taɓa tambaya ba. Sai dai ranar takan dama masa fura da nono mai yawa, ta ajiye ta fita.

Sai tsufa ya zo da nasa. Yanar ido ta rufe masa gani, gwiwa ta ƙi. Rani biyu a jere bai iya tono ba. Samari ma sun daina duba gadar, a waya suke jin labarin ruwa.

Bayan girbin bara aka kafa allo a bakin gada, aka tara mutane ƙofar mai unguwa. Za a rushe Gadar Fito, a gina sabuwa a daidai wurin, mai faɗin mota biyu, mai tsayin da ruwa ba zai kai ba. Da rani za a yi hanyar wucin gadi ta cikin busasshen gulbi kafin a gama. Wasu suka juyo suna kallon Maccido, suna jiran ya tayar da ƙura. Ya ce, "Mi kuka kallo? Ta tsufa. Ni da nag gina ta ma ga yadda nak koma." Kuma da gaske yake. Ya san tsagar da ke ƙafa ta biyu, hannu na shiga. Ya san an taɓa tsayar da mai naƙuda awa guda a bakin gadar saboda tifa ta maƙale. Bai ƙi sabuwar gada ba. Taƙi ɗaya na kankare yake so, shi ke nan.

Mai kula da aikin wani saurayi ne ɗan Achida, Injiniya Bashir, mai ladabi, wanda in zai gaida tsoho sai ya cire hular kwano ya rusuna. Shi da kansa ya ga zanukan ya tambayi mai su, ya bi su da waya yana ɗaukar hoto. Ranar da Maccido ya je wurinsa, maƙwabcinsa Lauwali ne ya riƙe masa sanda. Lauwali manomin albasa ne, daga Kagara ya dawo shekara goma sha biyu da suka wuce, mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai bakinsa kullum yana gaban kunnensa.

"Baba, wanga aiki naka ai littahi na," in ji Bashir. "Dut na ɗauke su ga hoto. Mi kaka so in yi maka?"

Maccido ya yi gyaran murya. Ya sake yi. "Akwai zane guda da nika so a cire min, in da hali."

"Da hali mana. Muna da injin yanka. Wanne?"

Leburori sun tsaya da aiki suna saurare. Maccido ya ji idanunsu a jikinsa ko da ba ya ganinsu sosai. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na... na ɗan Kaka. Shekarad da munka yi rashi."

Caraf Lauwali ya karɓe. "Ya isa, Baba, kak ka wahal da bakinka. Na san shi. Wa ab bai san shi ba? Ni ka nuna mai. Taho mu koma gida."

Ya yi ne don ya rufa wa tsoho asiri, kada a sa shi ambaton ɗan fari gaban yara. Maccido kuwa ya ji sanyi a ransa, an sauke masa kaya. Ya ɗauka kowa ya sani. Kai, Maccido! Kalma uku ce fa: na ƙasa duka. Mutumin da zai kwana yana gardama a kan kifi ɗaya, ya kasa faɗar kalma uku. Ya juya ya bi Lauwali har da saurinsa.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar, a-kori-kura ta tsaya ƙofar gidansa. Mutum biyu suka sauko da guntun kankare mai girman dutsen niƙa, suka ajiye a zaure. Unguwa ta taru. Bashir na murmushi, da tsumma ɗaure a hannu inda injin ya ƙwarzane shi. Lauwali kuwa baki har kunne.

"Ga shi, Baba. Na bisa duka! Sai da munka sa tsani. Injiniya da kainai yah hau, rabin yini yana bisa."

Maccido ya gane tun kafin ya taɓa. Ya durƙusa, ya ɗora yatsa. Layi ne miƙaƙƙe, mai zurfi, ba karkata, ba lanƙwasa. Ya san shi sarai. Shi ya yi shi da igiya a ƙugu, ruwa na ruri a ƙarƙashinsa.

Kowa na jiran ya yi magana. Ga yaron mutane da hannu a ɗaure. Ga Lauwali yana share hawaye da hula. Ga dattawan unguwa. In ya ce ba shi ba ne, sai an ce to wanne, sai an ce yaya aka yi, sai ya buɗe abin da ya rufe shekara talatin.

"Allah shi yi muku albarka," ya ce. "Allah shi ba ku masu yi muku."

Aka shafa, aka watse. Aka shigar da dutsen cikin gida, aka ajiye gindin darbejiya. Turai ba ta ji abin da aka faɗa a zaure ba. Ta fito daga ɗaki a hankali, ta tsaya nesa kamar yadda takan tsaya in yaron ya shigo. Sannan ta matso, ta zauna a ƙasa, ta ɗora tafin hannunta a kai. Ba ta taɓa shiga kwale-kwale ba, ba ta taɓa ganin zanen ɗanta ba. Kukan da ba ta yi gaban mutane ba ranar da aka fita da shi, ranar ta yi shi, har da shessheƙa.

Kwana uku Maccido yana jan ƙafa. Juma'a ya ce ba a aiki sosai. Asabar ya kai bakin zaure ya dawo. Lahadi ya ce gwiwa. Ran Litinin da ya fito masallaci da safe bai biya gida ba, bai nemi Lauwali ba, ya dogara sandarsa ya gangara shi kaɗai, yana lalube.

Tun daga nesa ya ji wurin ya canza. Iska na zuwa kai tsaye daga inda da gada ke tare ta. Katafila na gurnani, ƙura na shiga maƙogwaro. Bashir ya hango shi ya taho da gudu.

"Baba, lahiya? Kai ɗaya?"

"Wanda kunka kawo ba shi na ba." Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so, leburori suka juyo. Bai damu ba. "Na ƙasa duka nika so, wanda yashi yar ruhe. A karkace yake, bahago yay yi shi. Na Iliyasu. Ɗana Iliyasu, na hwari. Ba babban ruwa yac ci shi ba, ɗan ruwa na, nan ƙarƙashin gada."

Tun ranar suna sunan bai fita bakinsa ba sai yau. Ya ji shi baƙo a harshe, ya sake faɗa, a hankali.

Bashir ya cire hular kwano.  Sannan ya ce, "Baba, shekaranjiya munka hwasa ta. Hat tushe, don nan sabuwa za ta zauna. Wallahi da na sani da hannuna zan tona." Ya ciro waya yana ta dube-dube. Hotuna hamsin da uku ne. Ukun da ke ƙarƙashin yashi ba wanda ya san da su.

"Ina anka kai duwatsun?"

"An cike hanyar wucin gadi da su. An zuba jar ƙasa bisa, an daddaɓe."

"Wane wuri?"

"Dut tsawonta, Baba."

Maccido ya ce a kai shi. Bashir ya kama hannunsa har bakin sabuwar hanyar da ta ratsa busasshen gulbi. Wata motar albasa ta taho, suka ja gefe ta wuce, ƙasa na girgiza. Da ƙura ta lafa, tsohon ya sunkuya ya cire takalmansa, ya riƙe a hannu. Ya taka hanyar daga wannan gaɓa zuwa waccan, a hankali, leɓensa na motsi. Ya juyo ya sake takowa. Mai katafila ya kashe injinsa, ba wanda ya ce ya kashe.

Rana ta ɗaga kafin ya isa gida. Ya tarar Turai ta share gindin darbejiya, ta shimfiɗa tabarma kusa da dutsen, tana tsinkar zogale a faranti da hannu ɗaya, ɗayan yana kan zanen. Ba ta tambaye shi inda ya je ba. Ta matsa masa wuri, ya zauna.

"Malam," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a ji ta tana yabo, "ashe ɗan Kaka na da ƙarhin hannu haka? Ji zurhi. Ji yadda yam miƙe." Ta bi layin da yatsa. "Hannunka yab biyo."

Maccido ya buɗe baki. Yatsansa na dama yana kan gwiwarsa, yana jan layi daga dama zuwa hagu, yana lanƙwasawa a ƙarshe. Ya dubi inuwar matar da ta yi shekara ashirin tana fita ta wata ƙofa in ɗanta ya shigo, yau ta sami abin da za ta taɓa.

"Haka na," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsinkar zogalenta, hannunta bai bar kan dutsen ba.